Dilana na Maraɗi yana son a ba shi Nijar gaba ɗaya: ta yaya masana'antu ke koyon riƙe dilolin ƙasashen waje?

Tambaya: Ina da ƙaramar masana'antar sabulu a Sharaɗa, Kano. Shekara biyu ke nan wani ɗan kasuwa daga Maraɗi yana zuwa ya sari kayanmu, ya biya, ya loda, ya tafi. Yanzu ya ce a rubuta takarda a ba shi ƙasar Nijar gaba ɗaya, kada mu sayar wa kowa a can sai shi, kuma mu riƙa ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi. Wani ma daga Injamena ya fara kawo irin wannan magana. Ban taɓa yin kwantiragi irin wannan ba. Manyan kamfanoni ta yaya suka koya, kuma ni ta ina zan fara?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka a cikin nema. Na daɗe a sashen fitar da kaya na wata masana'anta kafin in koma ba masu masana'antu shawara, kuma abin da na gani shi ne babu kamfanin da ya iya wannan aiki tun ran farko. Idan ka ɗauki kwantiragin babban kamfani mai shafi arba'in, kusan kowane sharaɗi a ciki tabo ne na wani ciwo da aka taɓa ji. Wani dila ya riƙe kuɗi, aka ƙara sharaɗin lamuni. Wani ya yi rajistar tambarin kamfani da sunansa, aka ƙara sharaɗin tambari. An rufe iyaka kaya suna kan hanya, aka zauna aka rubuta wanda asara za ta hau kansa. Haka takarda mai shafi biyu take girma. Masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun bi tarihin kamfanonin ƙasarsu irin su Volvo da Sandvik a shekarun 1970, suka tarar kusan duk hawa ɗaya suke bi: da fari mai saye ne yake zuwa da kansa jefi-jefi, sai a naɗa wakili ko dila a can, sai kamfani ya buɗe ofishin sayarwa nasa, daga ƙarshe ya kafa masana'anta. Kai yanzu kana tsaye ne tsakanin hawa na farko da na biyu, kuma a nan ne aka fi yin kuskuren da ke da wuyar gyarawa.

Labarin kamfanoni biyu zai nuna maka inda abin yake kaiwa. A 1964 wasu Amurkawa biyu, Phil Knight da Bill Bowerman, suka kafa wani ɗan kamfani mai suna Blue Ribbon Sports domin sayar da takalman gudu na Onitsuka, wani kamfanin Japan. Su suka bi filayen wasa suka san 'yan gudu, su suka san irin takalmin da ake so. Da kasuwa ta buɗe, sai Onitsuka ya fara neman wasu diloli a Amurka, su kuma da suka ji ƙishin-ƙishin suka fara yin nasu takalmin a gefe. Alaƙa ta ɓaci, aka je kotu, aka rabu. Wannan dilan shi ne Nike na yau, wanda ya fi tsohon maigidan nasa girma nesa ba kusa ba. Ɗaya labarin kuwa a gabanmu ya faru. Kamfanin Tolaram ya fara shigo da taliyar Indomie daga Indonesiya zuwa Najeriya a 1988. Maimakon masu taliyar su ture shi bayan ya buɗe kasuwa, sai suka haɗa jari da shi aka kafa masana'anta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka ƙara wata a Kaduna. A 2015 kamfanin Kellogg na Amurka ya biya dala miliyan 450 ya sayi rabin Multipro, kamfanin rarraba kaya na Tolaram. Abin da aka saya da wannan kuɗi motoci ne da sito-sito da sanin 'yan sari da 'yan kiri. Duk labaran biyu abu ɗaya suke faɗa: wanda ya san masu saye yana riƙe da wani abu mai daraja kamar injinka, kuma yadda ka tafiyar da shi shi zai sa ya zama abokin tarayya ko kishiya.

Abu na farko da za ka tantance kafin alƙalami ya taɓa takarda shi ne matsayin mutumin nan. Wakili yana sayarwa ne da sunanka, kaya naka ne har su isa hannun mai saye, shi la'adarsa kawai yake karɓa. Dila kuwa saye yake yi ya zama nasa, ya sayar ya ci ribarsa, in ya faɗi shi ya faɗi. Mu a kasuwa muna cakuɗa kalmomin biyu, amma doka ba ta cakuɗa su. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin ƙasashe 17 da ke aiki da dokar kasuwanci ta bai ɗaya da ake kira OHADA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a 1993, Najeriya da Ghana kuwa ba sa ciki. A ƙarƙashin wannan doka wakili yana da kariya ta musamman: in za a sallame shi sai an ba shi wa'adi, wata ɗaya a shekarar farko, biyu a ta biyu, uku daga ta uku zuwa sama, kuma yana da haƙƙin diyya idan rabuwar ba da laifinsa ba ce. Abin da mutuminka yake nema, wato a ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi, yana iya zamewa ya yi kama da wakilci ko da an rubuta dila a saman takarda, domin alƙali yadda ake mu'amala yake dubawa. Shi ya sa nake ba ka shawara ya ci gaba da zama mai saye da sunansa, a rubuta haka ɓaro-ɓaro, kuma lauyan da ke aiki a Nijar ya duba takardar ban da naka na Kano. Kuɗin lauyan nan kada ka yi ƙyashinsa.

Sai sunan sabulunka. Rajistar da ka yi wa tambarinka a Abuja ba ta ƙetare Jibiya. Nijar da Chadi da Kamaru suna ƙarƙashin hukumar rajistar tambari ta OAPI mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya a can tana rufe ƙasashe 17 na tsawon shekara 10, ana kuma sabuntawa. A tsarinsu wanda ya riga shigar da takarda shi ne mai tambari. Na ga mai masana'antar da dilansa ya ce bari in ɗauke maka wahalar rajista, ya je ya yi da sunan kansa, ba ma da mugun nufi ba a lokacin. Bayan shekaru aka saɓa, sai mai kaya ya wayi gari ba shi da ikon shigar da kayansa da sunan da shi ya raɗa musu. Ka yi rajistar nan da sunan kamfaninka kafin ka sa hannu a kan komai.

Yanzu ga babbar maganar, wato a ba shi ƙasa gaba ɗaya. Kada ka ɗauki wannan buƙata a matsayin haɗama, domin yana da hujja. Zai kashe kuɗi ya ɗauki sito, ya ba 'yan sari bashi, ya bi kasuwannin ƙauye yana tallar sabulun da ba a sani ba. Tsoronsa shi ne ya gama share gona wani ya zo ya shuka. Duk dila mai hankali yana da wannan tsoro, wanda bai nemi kariya ba ma shi ya kamata ka yi shakkar ko da gaske yake. Amma ka dubi taswira. Nijar ta fi Najeriya faɗin ƙasa. Mutumin Maraɗi yana iya kai kaya Tasawa da Dakwaro da Madawa, watakila har Damagaram, amma Yamai da Doso wata kasuwa ce daban mai nata manyan 'yan kasuwa da nata hanyoyin shigowar kaya, Agadas ma haka. In ka ba shi duka alhali ƙafarsa ba ta wuce yankinsa ba, ka rufe wa kanka sauran ƙasar da hannunka. Manyan kamfanoni da yawa sun sha wannan, sai daga baya suka koyi raba alƙawarin gida-gida. A ba shi jihar Maraɗi shi kaɗai na shekara ɗaya. A rubuta mafi ƙarancin katan ɗin da zai ɗauka kowane wata uku, kuma lissafin ya fito daga abin da ya saba ɗauka cikin shekara biyun nan da ɗan ƙari, kada a ɗora shi a kan buri. In ya cika, a sabunta a ƙara masa yanki. In ya gaza sau biyu a jere, abin da zai rasa shi ne zama shi kaɗai, dilancinsa na nan. Wannan matakin na tsakiya yana da amfani ƙwarai, domin yana ba ka abin yi ba tare da an kai ga rabuwa ba.

A nan akwai wani rami da ya keɓanta da mu masu sayarwa maƙwabta, kuma ban ga kwantiragin da aka kwafo daga intanet da ya san da shi ba. Sabulunka ana sayar da shi a kasuwar Singa da naira. Duk ɗan kasuwar Nijar da ya shigo Kano sayen atamfa a Kantin Kwari yana iya cika bayan motarsa da katan hamsin ya wuce ta Maigatari ko Kwangwalam. Idan naira ta faɗi, kayan Singa sai su isa Maraɗi da araha fiye da na dilanka, shi kuma ya kira ka ransa a ɓace ya ce ka ci amanarsa, alhali ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Akasin haka ma yana faruwa: ka yi wa dila ragi don ya buɗe kasuwar waje, sai kayan su juyo su shigo Katsina su karya wa 'yan sarinka na gida farashi. Don haka kada ka rubuta cewa babu sabulunka da zai shiga yankinsa sai ta hannunsa, wannan alƙawari ne da ko kwastan ba za su iya cikawa ba. Ka rubuta abin da ke hannunka: ba za ka naɗa wani dila a yankin ba, ba za ka sayar kai tsaye ga wanda ka san can zai kai ba. Sannan ka bambanta kayansa, a buga masa leda da katan mai rubutun Faransanci da lambar zubi ta daban, yadda duk inda aka tsinci katan za a san ta wace ƙofa ya fita. Kuma ku amince tun yanzu cewa in tazarar farashi tsakanin Kano da Maraɗi ta wuce wani kaso, za a zauna a sake lissafi.

Wannan ya kawo mu ga kuɗi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kowace yuro ɗaya. Wanda ya ba da kaya bashi da farashin naira a tsakanin nan, ko an biya shi cif, kuɗin da ya karɓa ba su isa su sayo masa man ja da soda da turaren da ya zuba ba. Dole takarda ta faɗi kuɗin da za a biya da shi, da tsawon kwanakin da farashi zai tsaya, da ranar da za a ɗauki canji. Ka kuma sani sefar Nijar daban take da ta Chadi da Kamaru, darajarsu ɗaya amma bankunan da ke buga su biyu ne, ɗaya a Dakar ɗaya a Yawunde.

Bashi kuwa a hankali ake hawansa. Shekara biyun da ya yi yana biya nan take sun nuna yana da kuɗi, ba su nuna yadda yake riƙe bashi ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka fara da kashi ɗaya cikin huɗu na kowane lodi zuwa kwana talatin, a sa iyakar da bashi ba zai wuce ba, kuma ba a loda sabo sai an biya tsoho. In adadin ya yi girma a nemi lamunin banki. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan, shi ya sa baƙo ba ya cin bashi a zango sai maigidan da ya sauke shi ya tsaya masa. Ka nemi wanda zai tsaya wa dilanka, mutumin da ke da abin rasawa a Kano. In kuma ya ce rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin. Wani abu kuma da masu fara fitar da kaya ke mantawa: in ka bi hanyar hukuma, ka yi rajista da NEPC, wato hukumar bunƙasa fitar da kaya ta Najeriya, ka cike fom ɗin fitar da kaya na NXP, Babban Bankin Najeriya yana jiran kuɗin kayan su dawo cikin kwana 180. Dilan da ya ja maka biya yana iya jawo maka matsala da bankinka.

Maganar inda kaya ke fita daga wuyanka ba ta da tsawo. Akwai ƙa'idoji 11 da ake kira Incoterms, na Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Faris, bugun da ake aiki da shi na 2020 ne. Ga mai tirela FCA ya fi dacewa, wato ka yi takardun fita ka miƙa kaya ga direbansa a wurin da aka ambata, daga nan hatsarin hanya nasa ne. FOB da CIF na jirgin ruwa ne, kada a rubuta maka su don an saba jin su. Ka kuma sa sharaɗin abin da ya fi ƙarfin kowa. Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, an buɗe Maigatari da Illela a Disambar 2020, amma Jibiya, wadda ita ce hanyar Maraɗi, sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris na 2024. A irin wannan lokaci ba adalci ba ne a kama dila da laifin rashin cika adadi, kuma ya kamata a san makomar kuɗin da ya riga ya ajiye.

Duk wannan takarda ce. Koyon kansa a wani wuri yake faruwa, kuma nan ne na fi ganin masana'antunmu suna sakaci. Kamfanin da bai san wa dilansa yake sayar wa ba, bai san nawa sabulunsa yake a teburin mai kiri a Tasawa ba, makaho ne da ɗan jagora ɗaya. Ka sa a cikin yarjejeniya cewa duk wata zai turo maka abin da ya sayar, da abin da ya rage a sito, da garuruwan da kaya suka je. Zai yi nauyin baki a kan sunayen abokan cinikinsa, kuma yana da gaskiya, don haka kada ka matsa a kan sunaye da fari. Amma ka je da kanka, aƙalla sau biyu a shekara, zuwa da kai ya fi aike. Ka shiga sitonsa, ka zaga kasuwa tare da shi, ka ji abin da mata ke cewa game da ƙamshi da kumfa da girman sabulun. Dilan da ya ga maigida yana zuwa, yana kawo kayan talla, yana canza girman sanda saboda shawararsa, ba ya saurin ɗauko sabulun wani ya haɗa da naka.

Sannan abin da aka koya ya zauna a kamfani. A masana'antar da na yi aiki, duk hulɗarmu da wani dila tana cikin wayar manaja ɗaya. Ragin da aka yi, da alƙawarin mayar da kayan da suka jiƙe, da ƙarin wa'adin biya, duk a saƙon murya na WhatsApp. Ran da ya bar aiki ya tafi da wayarsa, dila ya zo da lissafinsa, mu ba mu da abin da za mu ajiye kusa da nasa. Daga nan muka buɗe wa kowane dila fayil, muka kuma ɗauki al'adar da har yau nake koya wa mutane: duk saɓanin da aka yi, komai ƙanƙantarsa, a rubuta abin da ya faru da yadda aka warware, in lokacin sabunta kwantiragi ya zo a ɗauko littafin a ga wanne ya cancanci zama sharaɗi. Shi ya sa nake son kwantiragin shekara ɗaya da fari. Kowace sabuntawa dama ce ta zuba abin da shekarar ta koyar, kuma abin da ka koya a Maraɗi shi zai zama tushen takardar Injamena.

Ƙofar fita a rubuta ta tun ana dariya. Wa'adin wata nawa za a ba juna, wane laifi ne ke raba nan take, kamar jabun kaya ko bashin da ya wuce iyaka, kuma kayan da suka rage a sitonsa kai za ka saye su a farashin da ya saya ko za a ba shi watanni ya ƙarar. Wannan na ƙarshe kariya ce gare ku duka, domin dilan da aka bari da kaya a hannu zubar da su yake yi da araha ya kashe wa magajinsa kasuwa. In saɓani ya gagara, a fara da zaman dattawan kasuwa na ɓangarorin biyu cikin kwanaki ƙididdigaggu, in bai yiwu ba a tafi ga masu sasanci da aka ambata a takarda. Dalilin fifita su a kan kotu shi ne hukuncin kotun Kano yana da wuyar zartarwa a kan dukiyar da ke Maraɗi, amma Najeriya da Nijar duk sun shiga yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta wajabta wa kotunan kowace ƙasa mutunta hukuncin sasanci da aka yanke a ɗayar. A rubuta takardar da Turanci da Faransanci, a faɗi wadda za a bi in sun saɓa, sannan ku zauna a karanta ta da Hausa sharaɗi bayan sharaɗi a gaban shaidu, tunda da Hausa kuka yi cinikin.

Na Injamena kuwa ka ce masa ya ci gaba da saye yana biya tukuna. Hanyarsa ta fi nisa, kaya sai sun ratsa Kamaru ta Gamboru da Kusiri, kwastan biyu ke nan bayan namu. Ka bar takardar Maraɗi ta yi shekara guda tana aiki, ka ga inda ta yage ka ɗinke, sannan ka ɗauke ta ka nufi gabas da ita.